Ku daina sauke inji ba gaira ba dalili

1/ Zan faɗa ko za ku zage ni: da yawa daga masu canza injin Golf a yankinmu na Gumel kuɗinsu kawai suke ƙonawa. Mota ta fara nishi a hanyar Maigatari ranar Alhamis, shi ke nan, sai a ce inji ya mutu, a tafi Ƙofar Ruwa a ɗauko gwanjo.

2/ Ni ma an yi da ni. Golf 3 gare ni mai injin 1.8, doki 90. Tana zafi, ba ta ja. Wani bakanike ya ce, "Maigida, sa mata 2.0 ka huta." Na sayar da tumaki na saka. Ko wata biyu ba a yi ba ta tafasa kusa da Gagarawa. Ashe lagireto ne ya toshe tun farko.

3/ Ƙarfin mota a tof yake fara zubewa. Nan bawul-bawul suke, ta nan iska da mai ke shiga, hayaƙi ya fita. Tof ɗin alminiyom ne, jikin injin kuma baƙin ƙarfe. In zafi ya yi yawa tof ya lanƙwashe, gasket ya ƙone, matsin da ke tura fistin ya tsere. A kai shi a daidaita fuskarsa, a zaunar da bawul, a sa gasket mai kyau, a wanke lagireto. Wallahi sau da yawa maganin ke nan.

4/ Masu mafarkin VR6 kuma, eh, 2.8 ne, doki 174, ban musa ba. Amma giya fa? Wayoyi da kwamfuta fa? Birkin da aka yi wa 1.8 ne zai tsayar da shi in saniya ta faɗo titi? Ga fetur tun cire tallafi a 2023.

5/ Gwanjon ma kamar auren makaho ne. An wanke shi yana ƙyalli, ba ka san ko daga motar da ta tafasa aka ciro shi ba.

6/ In fistin da ring sun cinye, tana shan baƙin mai tana shuɗin hayaƙi, to canza, amma da irin nata.

7/ Kafin nan a gwada matsin kowace silinda a gabanka. Kuma don Allah, mai loda buhu goma na gero da fasinja bakwai daga Sule Tankarkar, kada ka zo min nan da kukan inji.