Ba gem muke bi ba, mutanenmu muke bi

1/ Jiya wani ya ce wai masu tsalle daga gem zuwa gem ba su da alƙibla: yau PUBG, gobe Free Fire, jibi CODM. Ni dai ban yarda ba. Bari in ba ku labarin ɗakinmu na hostal. 🧵

2/ Mu huɗu ne. Tun muna aji ɗaya muke buga PUBG Mobile bayan isha'i. Sai aka zare wa ɗayanmu waya a adaidaita, ya dawo riƙe ƙarama mai RAM 2GB. Da ya shiga wasa sai ta ɗau zafi ta riƙa maƙalewa. Kafin ya hango abokin gaba an gama da shi.

3/ Sati biyu muna bugawa mu uku, shi yana kwance yana jin ihunmu. Bai ce uffan ba, amma wallahi daɗin ya tafi. Rannan muka sauke Free Fire gaba ɗayanmu.

4/ Me ya sa ita? Garena ta fito da ita a 2017, kuma ƙananan wayoyi na ɗaukarta. Mutum 50 ne a fili maimakon 100, zagaye ɗaya kamar minti 10, ba rabin awa ba. Ga wanda cajinsa ke jiran a kawo wuta, wannan ba ƙaramin abu ba ne.

5/ Sai data. A Janairun 2025 NCC ta amince kamfanonin sadarwa su ƙara farashi har kashi 50. Yanzu in gem ya ce ka sabunta shi, sai ka auna: wannan ko kuɗin hoton handawut?

6/ Wani lokacin ma ba a tambayar ka. Indiya ta haramta PUBG Mobile a Satumbar 2020, dole 'yan wasan can suka nemi wani.

7/ Abin da ya ci min rai: kayan da na saya da kuɗin aljihuna, da matakin da na sha wuya na taka, duk can na baro su. Ko allura ba ta biyo ni ba. Laifina ne, na zuba kuɗi kamar a nan zan tsufa.

8/ Don haka ƙanina, kafin ka sayi riga ko fentin bindiga, dubi wayoyin abokanka tukuna. Mai ƙaramar wayar cikinku shi zai yanke inda za ku koma.

9/ Ku fa? Wane gem kuka bari, kuma wa kuka bi?