Hutun Bazara: Yankari Ko Mambila?

A kowace shekara idan watan Maris ya kama, zafi ya fara tsananta, makarantu suna shirin rufewa, akan ji ma'aikatan gwamnati da ɗalibai suna shawarar inda za su kai hutunsu. Mafi yawan mutanenmu ba su san wani hutu ba sai tafiya garinsu gaishe da iyaye, wannan kuwa abu ne mai kyau. Amma akwai waɗanda suka yi niyyar ɗaukar mota su yi mako guda suna kallon ƙasarsu, kuma wurare biyu ne suka fi fitowa a bakinsu, watau Gandun Dajin Yankari a Jihar Bauchi da Tsaunin Mambila a Jihar Taraba. Ra'ayina shi ne, mai kwana bakwai kacal a cikin bazara ya nufi Yankari, ya ajiye Mambila sai wani lokaci.

Ba raina Mambila na yi ba. Duk Nijeriya da wuya a sami wurin da ya kama ƙafarta wajen kyan gani. Ƙasa ce mai tudu wadda tsawonta ya kai kimanin mita 1,600 bisa teku, ga ciyawa shimfiɗe har iyakar ganin mutum, ga shanu, ga gonar shayi ta Kakara, ga garuruwa irin su Nguroje da Gembu, hedkwatar Ƙaramar Hukumar Sardauna. A makwabtanta akwai Gandun Dajin Gashaka Gumti da dutsen Chappal Waddi mai tsawon mita 2,419, wanda ba shi da na biyu a ƙasar nan. Ɗalibin tarihi kuma zai so ya taka yankin da ya shigo Nijeriya ta hanyar ƙuri'ar raba gardama a 1961. Ga kuma sanyi, a daidai lokacin da mutanen Kano da Sakkwato suke kwana a tsakar gida saboda gumi. Wa zai ƙi wannan?

Sai dai fa hutu lissafi ne. Wanda ya tashi daga Kano ko Kaduna zai ci yini guda kafin ya isa Jalingo. Kashegari sai ya sake cin wani yinin ta Bali da Serti da Mayo Selbe kafin ya hau tsauni. Dawowa ma haka. Ke nan kwana huɗu daga cikin bakwai sun tafi a kan hanya, sauran uku kuwa na farkonsu na sauke gajiya ne. Mai iyali da ƙananan yara ya san abin da kwana huɗu cikin mota yake nufi. Yankari kuwa, daga Kano zuwa Bauchi kimanin kilomita 300 ne, daga Bauchi a kama hanyar Gwambe, a ratse a Dindima, a bi ta Mainamaji zuwa sansanin Wikki, abin da ya ɗara kilomita 100 kaɗan. Wanda ya yi sammako zai yi sallar la'asar a can. Kwana biyar cur suka rage masa.

Na biyu, sai a dubi mota da aljihu. Tun da aka janye tallafin man fetur a watan Mayu na 2023, kuɗin mai ya ninka har fiye da sau uku, albashin ma'aikaci kuwa bai bi shi a guje ba. Tafiyar Mambila ta ninka ta Yankari nisa fiye da sau biyu. Bayan haka hawan da ke tsakanin Mayo Selbe da Maisamari hanya ce mai kwana-kwana a gefen dutse, wadda take gwada birki da kulochi da lagireto. Tsohuwar motar da ta saba da zuwa ofis da dawowa tana iya kunyata mai ita a inda ba bakanike. Har ila yau damina takan sauka da wuri a kan tsaunin, tun a Maris ko Afrilu, hazo ya rufe hanya, ƙananan hanyoyin ƙauye su yi santsi. Daidai ruwa daidai tsaki.

Na uku, wanda shi ne babban dalili, zafin nan da ake gudu shi ne ribar mai zuwa Yankari. A ƙarshen rani ciyawa ta bushe, ganye ya kaɗe, tafkunan daji sun ƙafe, saboda haka namun daji dole su gangaro Kogin Gaji su sha ruwa. A lokacin ne mai ziyara ya fi samun damar ganin giwa da ɓauna da gwanki da gwambaza da dorina, ban da gadu da bika waɗanda suke yawo har cikin sansani. Da zarar ruwa ya sauka sai dabbobin su bazu cikin daji mai faɗin murabba'in kilomita 2,244, a yi ta yawo ba a ga komai ba sai ganye. Idan rana ta take kuwa, ga ruwan Wikki mai fitowa daga ƙarƙashin dutse, garai-garai, wanda ɗuminsa yake tsaye a kan digiri 31 rani da damina. Watau bazara ita ce kakar Yankari, alhali kuwa Mambila ta fi daɗin shiga a Disamba da Janairu, sa'ad da hanya ta bushe.

Kada ɗalibai su zaci dabbobi kaɗai ke nan. A cikin gandun akwai Kogunan Marshall da rijiyoyin Dukkey, shaidar mutanen da suka zauna a wurin tun kafin a keɓe shi a 1956 a kuma buɗe shi ga jama'a a 1962. A birnin Bauchi akwai kabarin Firayim Minista Alhaji Abubakar Tafawa Ɓalewa. Wanda ya biyo ta Birnin Kudu kuma yana iya tsayawa ya ga zane-zanen mutanen dā a jikin duwatsu. Mako guda ya isa a ga duk waɗannan ba tare da gaggawa ba.

Gaskiya ɗaya ce, Yankari ta yau ba ta kai ta jiya ba. Mafarauta sun yi wa dajin ɓarna, giwaye sun ragu, zaki kuwa sai mai babban rabo yake ganinsa. Gwamnatin Tarayya ta karɓi gandun a 1991, ya koma hannun Jihar Bauchi a 2006, kuma masaukinsa ya sha gyara da lalacewa. Amma wannan dalili ne na zuwa, domin kuɗin shiga da idon masu ziyara suna cikin abin da yake sa hukuma ta kula da wuri. Dajin da ba mai zuwa, na mafarauta ne da masu saran itace.

Ko wanne mutum ya zaɓa, wajibi ne ya bincika lafiyar hanya kafin ya tashi, domin jihohin nan biyu duk sun ɗanɗana fitinar 'yan bindiga da masu satar mutane. A tambayi direbobin tasha da hukumar wurin, a guji tafiyar dare, a duba taya da safaya, a ɗauki ruwan sha isasshe, a kuma kama ɗaki tun kafin a bar gida.

Muna kira ga Gwamnatin Bauchi da ta ƙara wa masu gadin daji kayan aiki, ta kuma ware rangwame na musamman ga ɗalibai. Gwamnatin Tarayya da ta Taraba kuma su dubi hanyar Gembu, domin ranar da aka gyara ta wannan lissafi zai sake. Kafin nan, taura biyu ba ta taunuwa. A je Yankari bana, a tara kuɗi da kwanaki domin Mambila idan hunturu ya zagayo.