Tambarin ƙungiyarku dukiya ne, ku karɓi asalinsa

Duk wanda ya taɓa haɗa takardar gayyata a kwamfuta ya san wannan takaicin: ka ɗora tambarin ƙungiyar matasan Cadakori a kan koren shafi, sai ya fito cikin farin akwati, wani lokacin ma baƙi ƙirin. Nan take a ɗora wa mai buga takardu a Maraɗi laifi, alhali sau da yawa ba ruwansa.

Tambarin da aka zana a SVG bayansa fayau yake kamar gilashi, kuma PNG na riƙe wannan siffa. Amma da zarar an tura shi ta WhatsApp a matsayin hoto, sai ya koma JPEG, shi kuwa dole ya cike bayan da launi.

Don haka 'yan uwa da ke biyan kuɗin zane daga Legas ko Abijan, ku ce a turo muku SVG da PNG a matsayin fayil, ku adana su. Manhajar Inkscape kyauta ce, tana buɗe su. Wanda ya biya kuɗin zane bai karɓi asali ba, gobe ma sai ya sake biya.