Zauren Iyali: Yaron Mai Wurno da Sunan Garinsu



A bakin Shuɗin Nilu, tsakanin Sinnar da Sinja a ƙasar Sudan, akwai wani gari da ake kira Mai Wurno. Yaron da aka haifa a can yana furta wannan suna kullum, yana rubuta shi a littafinsa na makaranta. Amma sau da yawa in an tambaye shi wane ne Mai Wurno, sai ya yi shiru. Wannan shirun shi ne abin dubawarmu a wannan fitowa.

Ga amsar da ya kamata ya bayar. A watan Maris na 1903 Turawan Ingila suka ci Sakkwato. Sarkin Musulmi Attahiru na Ɗaya ya ƙi zama ƙarƙashinsu, ya yi hijira gabas da jama'a masu yawa, aka kashe shi a yaƙin Burmi a watan Yuli na shekarar. Ɗansa Muhammadu Bello Mai Wurno ya ja ragowar mutanen, Fulani da Hausawa, har suka sauka a bakin Nilu wajen 1906. Laƙabinsa yana komawa ga Wurno ta ƙasar Sakkwato, inda kabarin Sarkin Musulmi Muhammadu Bello yake. Ashe sunan garin kansa tarihi ne.

Ba laifin yaron ba ne. Makarantar gwamnati tana koyar da tarihin Sudan, kuma haƙƙinta ne. Labarin hijira kuwa a bakin tsofaffi yake, su kuma suna ta tafiya. Sannan yaƙin da ya ɓarke a Afrilun 2023 ya rufe makarantu na tsawon lokaci. Sinja kanta ta faɗa hannun dakarun RSF a watan Yuni na 2024, sojoji suka karɓe ta a Nuwamba. Iyalai da dama sun watse, kaka a wani gari, jika a wani.

Wani zai ce mai neman abinci ina ruwansa da sunayen mutanen da? Amma yaron da ake ce wa baƙo, ko ake kiransa Fallata da nufin raini, yana bukatar amsa. In ya san kakanninsa sun sauka nan tun kafin a gama madatsar Sinnar a 1925, kuma hannuwan mutanensa sun yi aikin auduga a Jazira, zai tsaya da ƙafarsa ba tare da fushi ba.

Saboda haka ya kamata kowane ɗalibi ya san Shehu Usmanu ɗan Fodiyo, wanda aka haifa a 1754 ya rasu a 1817. Da ƙanensa Abdullahi, mai tafsirin Liya'ut Tawili. Da Muhammadu Bello, mai Infaƙul Maisuri. Da Nana Asma'u, wadda ta yi waƙoƙi da Larabci da Fulatanci da Hausa, ta tura jajis suna karantar da mata a ƙauyuka. A nan ma ɗan Sinja ya fi ɗan Kano ko Maraɗi sa'a, domin yawancin waɗannan littattafai da Larabci suke, harshen da yake karatu da shi.

Kada kuma a tsaya a kan namu kaɗai. Ya san Amara Dunƙas wanda ya kafa daular Sinnar a 1504, da Mahdi Muhammadu Ahmad wanda ya ci Hartum a 1885, da marubuci Ɗayyib Salih. Ƙasarsa ce, tarihinta nasa ne. Haka 'ya'yanmu na yamma, su ma a tambaye su Burmi da Mai Wurno a ji.

Maganin ba ya cin kuɗi. Kowane mako uba ko uwa su ɗauki suna guda bayan sallar isha'i: wane ne shi, a ina ya zauna, me ya bari? Malamin allo ya ƙara da nasa ranar Laraba kafin hutu. Wanda kuma yake da tsoho a gida, ya sa jika ya tambaye shi ta wace hanya kakanni suka zo, a naɗi muryarsa a waya tun yana da rai.

Allah Ya kawo zaman lafiya a Sudan, Ya shirya mana zuriya.