Makullin Taskarmu A Hannun Wa Yake?

A kasuwanninmu, mahauci ba ya rataya nama sai da sanin Sarkin Pawa. Likita ba ya taɓa majinyaci sai sunansa na cikin kundin ƙungiyar likitoci. Haka ma lauya. To, don me mai kula da kwamfutocin ma'aikata, wanda ke iya buɗe kowace takarda, ya sauya, ya goge, shi kaɗai ne ba a tambayarsa inda ya koyi aiki, kuma babu mai ja masa kunne?

Kada wani ya ce zancen ƴan boko ne. Alhaji, kayanka da ke hannun duwan ta tsarin SYDONIA ake sallamarsu; ranar da na'ura ta tsaya, motarka ta kwana a bakin iyaka. Malam ma'aikaci, albashinka layi guda ne cikin kwamfuta. In ya ɓace, kai da mai shago ne.

Sakaci a wannan aiki ba wasa ba ne. A watan Maris na 2017 kamfanin Microsoft ya fitar da gyaran wata ɓaraka a Windows. Wurare da dama ba su ɗora gyaran ba. A watan Mayu cutar WannaCry ta shiga ta wannan ɓaraka, ta kulle na'urorin asibitocin Ingila, aka soke ganin likita kusan 19,000. In gemun ɗan'uwanka ya kama wuta, shafa wa naka ruwa!

Amma mu ta yaya muke ɗaukar mai wannan aiki? Ɗan wane ne, ko yaron jam'iyya ne. Kalmomin sirri duka a kansa suke; ranar da ya yi fushi ya tafi, ma'aikata ta makance. Shi kuwa gwani na gaskiya yana gefe, ba shi da abin da zai bambanta shi da ɗan koyo.

An yi dokar kare bayanan jama'a a 2017, da ta laifukan intanet a 2019. Madalla. Sai dai doka bayan ɓarna take zuwa. Rigakafi shi ne ƙungiyar masu sana'a, mai kundin sunaye da ƙa'idar riƙon amana, mai ikon soke sunan maci amana. Maƙwabciyarmu Najeriya ta kafa majalisar rajistar ƙwararrun kwamfuta tun 1993. Me muke jira?

Za a ce takarda ba ta aiki. Gaskiya ne, amma wace takarda? Jarrabawar Red Hat a gaban na'ura ake yin ta: ko ka iya, ko ka faɗi. Shaidar CCNA ta Cisco shekara 3 take yi, ta LPI shekara 5, sai an sabunta. Digirin da aka rataye a bango shekara 20 fa, wa ya sake gwada mai shi?

Za a kuma ce kuɗin jarrabawar da dala ake biya, ɗan talaka ba ya iyawa. Ai nan ne amfanin ƙungiya: ta haɗa gudummawa, ta shirya horo a Damagaram da Tawa, ba Yamai kaɗai ba, ta kuma matsa wa ma'aikatu su biya wa ma'aikatansu. Sharaɗi ɗaya: kada ta zama kantar da ƴan tsiraru ke toshe wa matasa ƙofa.

Ku masu sana'ar, ku haɗa kanku kafin a naɗa muku shugaba daga sama. Ku ƴan kasuwa da shugabannin ma'aikatu, kafin ku miƙa makulli, ku tambaya: ina shaidarka, wa zai tsaya maka? Wanda ba ya ba baƙo makullin shagonsa, bai kamata ya ba shi na ƙasa ba.