Briketeri: A Shiga Zanen Birni Kafin Katafila Ta Iso

Duk ɗan kasuwar da ya taɓa sauko da kaya daga Kusuri, Amcide ko Garwa-Bulayi, ko ya wuce zuwa Kye-Ossi a iyakar Gabon da Ikwatoriyal Gini, ya san inda ake sauka a Yawunde. Briketeri ce, wadda jama'a ke yanke wa suna su ce Birik. A nan mai masauki yake, a nan ake ajiyar kaya da amana, a nan teloli da masu atamfa da masu tsire da kilishi suke, a nan kuma babban masallaci yake. Sunan ma tarihi ne, domin daga wurin yin bulon ƙasa na zamanin Jamusawa aka samo shi, tun lokacin da fataken Hausawa suka fara kwararowa kudancin Kamaru.

Sai dai unguwar tana zaune ne a tsakiyar babban birnin ƙasa, kan fili mai tsadar gaske, kuma idon hukuma bai taɓa sauka daga kanta ba. Ba mu manta da zamanin Gilbert Tsimi Evouna a hukumar birni ba, mutumin da aka laƙaba wa Jack Bauer saboda rusau. A 2008 an share unguwar Ntaba, iyalai suka kwana a waje cikin damina. A 2009 aka buɗe katafaren zauren wasanni na Warda, wanda Sin ta gina a ƙofar Briketeri, gefen unguwar kuwa bai tsira daga katafila ba. Idan gemun ɗan'uwanka ya kama wuta, an san abin da ake yi wa nasa.

Mu ba ma cikin masu cewa a bar unguwar yadda take. Lunguna sun matse har motar kashe gobara ba ta iya shiga wasunsu. Kwatoci sun cika da leda, wasu kuma sun kafa gini a kan hanyar ruwa, ruwan da dole ya gangara zuwa Mfoundi ko ana so ko ba a so. A watan Oktoba na 2023 ruwa da zaftarewar ƙasa suka hallaka mutane kusan 30 a Mbankolo, cikin ƙaramar hukumar Yawunde ta Biyu, wadda Briketeri ma take ƙarƙashinta. Saboda haka gyara ya zama dole. Abin tambaya shi ne, wane irin gyara, kuma da wa za a zauna a zana shi?

Dokar tsara birane ta 21 ga Afrilu 2004 ta bambanta abu biyu. Akwai sake tsara unguwa, wato a buɗe hanyoyi, a ja magudanan ruwa, a daidaita filaye, jama'a na nan a wurinsu. Akwai kuma sabuntawa, wato a rushe a sake gini. Na farkon ne ya dace da Briketeri, kuma shi ya kamata sarakunan unguwa da limamai da shugabannin 'yan kasuwa su nema da baki ɗaya, a rubuce. Haka kuma akwai dokar kare kayan tarihi ta 2013. Me zai hana a nemi Ma'aikatar Al'adu ta sa babban masallaci da tsofaffin gidajen da ke kewaye da shi cikin rajista? Abin da aka rubuta a kundin gwamnati ya fi wuyar taɓawa.

Ga inda muke da magana da ku 'yan kasuwa. Da yawanku kun sayi gida ko shago a Birik da guminku na bakin iyaka, amma abin da ke cikin akwati takardar ciniki ce kawai da shaidu suka sa wa hannu. Tun dokar filaye ta 1974, takardar mallaka ta gwamnati, wato titir fonsiye, ita ce hujja, kuma ran biyan diyya ita za a fara tambaya. Iyalan da ke zaune a wurinsu tun kafin 5 ga Agusta 1974 suna da damar neman rajista kai tsaye, matuƙar filin bai riga ya shiga sunan gwamnati ko na wani ba. Tsofaffin da za su ba da shaidar wannan zama kuwa kullum raguwa suke yi. Mutumin da ba ya barin buhun albasa ya ƙetare kwastan babu takarda, bai kamata ya bar gidan 'ya'yansa haka ba.

Sannan akwai siyasa. Dokar ƙananan hukumomi ta Disamba 2019 ta soke muƙamin wakilin gwamnati da ake naɗawa daga sama, ta kawo magajin gari wanda kansiloli ke zaɓa; a Maris 2020 Luc Messi Atangana ya hau kujerar ta wannan hanya. Ma'ana, ƙuri'ar kansila a Yawunde ta Biyu tana da nauyi a kan taswirar birni. Abin takaici, ranar rajistar zaɓe ɗan kasuwa yana Fotokol yana jiran mota, ranar zaman kansiloli kuma babu wanda ya tura.

Muna kira ga ƙungiyoyin 'yan kasuwa da su ware wani abu daga adashinsu, su ɗauki lauya da ma'aunin filaye mai lasisi, a bi gida-gida a san matsayin kowane fili. Muna kuma kira ga hukumar birni da ta liƙa duk wani zane da ya shafi Briketeri a ofishin magajin gari da ƙofar masallaci, a karanta shi da Faransanci da Hausa da Fulatanci a gidajen rediyon unguwa, kafin a shafa wa bangon kowa jan fenti.