Oksijin ma magani ne, a ba shi da awo

1/ Jama'a, yau maganar oksijin za mu yi. Yawancinmu mun ɗauka ko nawa aka ƙara wa mara lafiya alheri ne. Ni dai a ganina, barin mutum kan oksijin zalla tun daga farkon tiyatar huhu har ƙarshe, ba don wata larura ba, kuskure ne. Ku biyo ni 🧵

2/ Iskar da muke shaƙa, kashi 21 cikin 100 oksijin ne, kusan 78 naitirojin. Jini na kwashe oksijin nan da nan, naitirojin kuwa da ƙyar yake shiga jini. Shi ke zama cikin ƙananan jakunkunan huhu, ya tokare su kar su manne.

3/ To in aka ba mutum oksijin zalla, naitirojin ya fita. Maganin sa barci kuma yana sa ƙananan hanyoyin iska su rufe. Sai jini ya zuƙe abin da ke cikin jakar, ta sace kamar tayar keke. Sacewar huhu ke nan.

4/ Masu bincike a Uppsala ta ƙasar Suwidin sun nuna da hoton CT cewa kusan mutum 9 cikin 10 da aka sa barcin tiyata, wani sashen huhunsu na sacewa. A 2003 suka gwada oksijin kashi 100, 80 da 60 kafin barci. Na 100 ya fi sacar da huhu nesa ba kusa ba.

5/ A tiyatar huhu abin ya fi haɗari. Ana zura bututu mai hanya biyu, a sace huhun da za a yi wa aiki da gangan. Mutum na kwance a gefe, huhun ƙasa kaɗai ke numfashi, ga zuciya da kayan ciki sun danne shi. In shi ma ya fara sacewa fa?

6/ Amma a yi adalci. Rashin oksijin na lalata ƙwaƙwalwa cikin 'yan mintoci. A wancan binciken ma, waɗanda aka ba kashi 80 sun fi saurin ƙarar da oksijin jininsu. Don haka lokacin sa bututu, ko in lamba ta faɗi, a buɗe shi duka. Babu musu.

7/ Inda nake magana shi ne bayan komai ya daidaita. A rage shi zuwa abin da jiki ke buƙata, a hura huhu ya buɗe, a bar ɗan matsin iska ya riƙe shi.

8/ Ko WHO, a 2016 ta ba da shawara mai ƙarfi a riƙa ba da kashi 80 don rage ruɓewar ciwon tiyata. A 2018 ta sassauta, bayan likitoci sun ƙalubalanci hujjojin.

9/ Ga namu aikin, 'yan jinya. Huhun da ya sace na tara majina, ya share wa ciwon nimoniya hanya. In ɗan'uwanku ya farfaɗo, kar tausayi ya sa ku ce "kwanta abinka". Ya ja dogon numfashi, ya rungume filo ya yi tari, ya tashi ya taka da zarar likita ya yarda. In zafi ya hana shi, ku faɗa wa nas.

10/ Mai jiran tiyata ya ajiye sigari da shisha tun da sauran makonni. Kuma don Allah kar wanda ya murɗa kan tukunyar oksijin da kansa. Allah ya ba marasa lafiyarmu sauƙi.